Na je neman ƙuru, na dawo da tsohuwar goɗiya

Abba yana da shekara biyu da wata takwas ya fara hawan taɓaryar uwarsa yana zagaya tsakar gida yana haniniya. Sunan mahaifina gare shi, shi ya sa muke kiransa Abba, kuma marigayin mahayi ne na gaske, har ƙarfinsa ya ƙare bai taɓa fashin Hawan Daushe ba a tawagar hakiminmu. Ni dai ban gaje shi ba. Malamin makaranta ne ni a nan cikin garin Bauchi, babur ne abin hawana, rabona da sirdi kuwa tun ina aji uku na sakandare. To amma da gwaggonnin yaron suka fara cewa "Alhaji ya dawo", sai abin ya shiga raina, na ƙudura sai na saya masa ƙuru, wato gajeren doki, daidai shi.

Bargar da zan ba da labarinta tana bayan gari ne, ta hanyar Ningi, kafin a kai kwanar Gubi. Ba ta da allo, ba ta da suna, kowa "wajen Baba" yake cewa. Amma kafin in kai can sai da na yi wauta, kuma dole in fara da ita, don ita ce ma'aunin da na auna wurin da shi.

Wani dillali ne ya turo mini bidiyo ta WhatsApp: ɗan doki bikili, gajere, kyakkyawa, an ɗora masa wani yaro yana tsaye ƙiƙam kamar an dasa shi. Ya ce daga kasuwar Maigatari aka sauko da shi ranar Alhamis, kuma tunda ƙarami ne "sai su girma tare da yaronka". Wannan kalmar ce ta cinye ni. Na biya Naira dubu 380, aka kawo shi a bayan akori-kura, na kafa masa turke a kangon da ke jikin gidanmu. Sati biyu na farko ko ƙuda ba ya korewa da ƙarfi. Ni kuwa don murna sai dura masa dawa da dusa nake yi safe da yamma. A sati na uku ya ciji ƙanena a kafaɗa. Bayan kwana huɗu, ina tsaye, ya ɗaga ƙafar baya ya harbi bokitin ƙarfen da ake ba shi ruwa har ya lotsa, Abba yana tsugune bai fi taku biyu daga bokitin ba yana wasa da ƙasa. Daren nan uwarsa ba ta yi mini faɗa ba. Bokitin kawai ta ɗauko ta ajiye a ƙofar ɗakina. Dillali kuma daga ranar wayarsa ta daina shiga.

Wani abokin aikina da ke hayar doki duk Sallah shi ya kai ni wajen Baba. Dattijo ne da zai kai saba'in, siriri, goro ya rina masa baki, ya yi shekaru yana kula da dawakin wani gidan sarauta kafin ya ware ya kafa nasa. Turaku goma sha ɗaya na ƙirga, rabi a ƙarƙashin rumfar kwano, rabi a inuwar darbejiya, ga rijiya, ga rumbun harawa, ga samari uku masu yi masa aiki. Yana saye yana sayarwa, yana karɓar ajiya, yana horo, yana ba da haya lokacin Sallah da hawan angwanci. Na roƙe shi ya zo ya duba mini nawa, washegari ya zo a bayan babur ɗin ɗaya daga cikin yaransa.

Bai ko kalli ƙirar dokin ba. Ya dafa wuyansa, ya zura yatsa ta gefen baki inda babu haƙori, ya buɗe, ya leƙa, ya saki. Sannan ya juyo.

"Malam, wa ya haɗa ka da wannan?"

Na faɗa masa.

"Ai wannan ba ƙuru ba ne, duƙushi ne. Ko shekara biyu da rabi bai yi ba, dubi haƙoran nono duk suna nan. Yaro ka saya wa yaro. To a cikinsu wa zai yi wa wani hankali?"

A nan tsaye ya karantar da ni abin da ya kamata in sani tun kafin in fitar da ko sisi. Doki yana fara zubar da haƙoran gaba na tsakiya wajen shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, sai ya cika baki a shekara biyar. Daga wajen shekara goma wani ɗan layi yake fitowa a haƙorin gefe na sama, daga jikin dasashi, yana sauka a hankali. In ya kai rabi dokin ya doshi sha biyar, in ya kai ƙasa ya kai ashirin. Gajartar nawa ta ƙuruciya ce, nan da shekara biyu zai zama cikakken ingarma. Sanyin da na gani a bidiyo kuwa yunwa ce da wahalar hanya. Ya ce akwai ma masu yi wa doki allura ya yi laushi ranar ciniki, ana gane shi da leɓen ƙasa ya saki, kai ya sunkuya, ido ya yi nauyi. Amma nawa ba sai an kai ga allura ba, ni da kaina na tashe shi da dawa.

Ya karɓi duƙushin ya sayar mini da shi ga wani mai kilisa, na yi asarar dubu 45, ya cire la'adarsa a gabana. Wannan shi ne cinikinmu na farko, kuma ban ga ƙwange a ciki ba.

Daga nan na ce to a nemo mini ƙuru na ainihi. Na riga na yi ɗan bincikena a intanet: a ƙa'idar Turawa duk dokin da bai wuce santimita 148 a doron kafaɗa ba shi ne ƙuru, kuma wanda suka fi saya wa ƙananan yara shi ne ɗan tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotlan, mai yawan gashi, wanda ba ya wuce santimita 107. Na nuna wa Baba hoton a waya. Ya daɗe yana kallo, ya ce wannan da bargonsa a jiki ina zai kai zafin Bauchi na watan Afrilu. Ya ce mu ma muna da namu gajerun, na kan duwatsun Filato, irin waɗanda Birom da maƙwabtansu suke hawa ba sirdi tun zamanin kakanni, sai dai yanzu sun yi wuyar samu. Kuma ya gargaɗe ni da wani abu da ban zata ba: gajarta ba ita ce haƙuri ba. Ƙuru sau da yawa ya fi ingarma taurin kai da wayo, don manya ba sa hawansa balle su gyara masa hali, a hannun yara yake tashi, yara kuwa tsokana suke koya masa.

Wata biyu ina zarya. Sau uku ina ganin abin da nake so a turkensa, sau uku yana hana ni. Na farko wani ƙuru akawal, ya ce yana da cizo in an zo ɗaure majayi. Na biyu kili ne mai kyan gaske, har na fara taya shi, ya ce yana firgita da leda. Na uku ban ma ji dalilin ba, cewa kawai ya yi, "Ba na Abba ba ne." Ranar na hau babur ina huci, na ce wa abokina tsohon nan ja mini rai yake yi don ya tsuga kuɗi. Na yi masa mummunan zato, Allah ya yafe mini. Kilin nan bayan sati biyu wani ya saye shi da tsada fiye da yadda na taya.

Ran wata Asabar da hantsi yaronsa ya kira ni ya ce Baba na nemana. Na tarar da shi zaune a kan turmi, a gabansa wata goɗiya gunya, gajera, bayanta ya ɗan lotsa, gashin goshinta ya fara furfura. Daga wani ƙauye ta wajen Ganjuwa aka kawo ta, inda ta yi shekaru tana kai yaran gidan gona da dawo da su. Na auna ta daga baya da tef ɗin tela, santimita 127. Gaskiya raina bai so ta ba. Na ce, "Baba, goɗiya? Kuma tsohuwa?" Ya ce, "Tsohon doki mai sane. Zauna ka gani."

Abin da ya yi a rabin awar nan shi ne dalilin wannan rubutu. Ya sa yaro ya ɗaura baƙar leda a tsinin kara ya kaɗa ta a gabanta, ya shafa mata a wuya, a ciki, har tsakanin ƙafafu. Ta juya kunne ɗaya, shi ke nan. Ya sa aka tayar da babur ɗina a gefenta aka matsa hon. Ya sa aka jefar da faranti a kan dutse ta bayanta. Ta ɗaga kai ta waiga, ta koma kan harawarta. Ya ɗaga ƙafafunta huɗu ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa kofato. Ya kama kunnenta ya murza a hankali, ya ja jelarta, ya tsuguna ya ratsa ta ƙarƙashin cikinta ya fita ta ɗaya gefen, dattijo ɗan saba'in. Sannan ya kira wata jikarsa 'yar shekara shida ta zo da gudu tana ihu ta rungume ƙafar gaba. Goɗiyar ta sunkuyo ta shinshina kan yarinyar, ta busa mata iska a ɗankwali. Duk wannan idon Baba ba ya kan ƙafafunta, yana kan kunnuwa. Ya ce yawanci doki ba ya harbi sai ya faɗa, kuma da kunne yake faɗa: in ka ga ya kwantar da su baya sun manne da wuya, janye yaronka, kada ka tsaya tambaya.

Ya buɗe bakinta ya nuna mini layin nan, ya kusa rabin haƙori. Shekara sha huɗu ko sha biyar. Na ce to ai ta kusa mutuwa. Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, ya ce doki in ya sami kulawa yana kai ashirin da biyar har talatin, kafin ta gaji Abba ya shiga sakandare.

Duk da haka bai bar ni na biya ba. Ya ce a bar ta a turkensa sati uku, a ciyar da ita ta ƙoshi, in riƙa zuwa ba tare da na sanar ba, da safe ko da yamma, in ga ko halin zai canja. Kuɗin abincinta kawai zan biya, in na fasa ba komai. Na zo sau bakwai. Na kuma kawo likitan dabbobi da kuɗina, ya duba ido da ƙafa da numfashi, ya ba ta maganin tsutsar ciki, ya yi mata allurar tetanus, ya ce a kula da kaska. Baba bai ji haushi ba, shi ya riƙe masa ragama. A ƙarshen sati ukun ta yi ƙiba, gashinta ya kwanta, halinta yana nan yadda yake. Na biya dubu 430.

A gida kuwa na sha magana. A garin nan namiji ba ya hawan goɗiya, kowa ya san haka. Tun da Malam Yakubu ya kafa Bauchi ingarma ake yi wa ado, goɗiya tana ƙauye tana haihuwa. Kuma mu ba mu saba dandaƙe doki ba, alhali a ƙasashen da ake koya wa yara hawa dandaƙaƙƙe ko goɗiya ake ba su, don ingarma ko mai haƙuri ne, ranar da ya jiwo ƙanshin mace ba ya tuna wanda ke bayansa. Baffana ya ce in marigayi yana raye ba zai yarda a ɗora takwaransa a kan mace ba. Na ce, "Baffa, a yi haƙuri, in ya girma sai ya hau irin na Alhaji." Uwar Abba ba ta ce komai ba, amma ta mayar da bokitin nan bayan gida.

A bargar na bar ta, kuma ina ba duk wanda bai iya doki ba shawarar ya yi haka. Kiwon doki ba kiwon rago ba ne. Ba ya amai, don haka in aka cika masa hatsi ko aka canja masa abinci farat ɗaya, ciwon ciki na iya kashe shi a dare guda. Ruwa kaɗai yana shan lita 20 zuwa 40 a rana, lokacin zafi ma ya fi. Da farko dubu 35 nake biya a wata, harawa da dusa da ɗan kanwa da wanki da yankan kofato duk a ciki. Hatsi kaɗan ake ba ta da gangan, tunda ba aikin ƙarfi take yi ba.

Muna zuwa Asabar da Lahadi bayan la'asar. Tsarin Baba ba ya canjawa. Yaro ɗaya yana riƙe da ragama a gaba, ba a sa mata linzami ma sam, don kada Abba ya fizga ya ji mata ciwo a baki. Ni ina tafiya a gefe, hannuna a ƙugunsa. Ba a sa ƙafarsa a likkafa, Baba ya ce gara yaro ya zame ya faɗo hannun ubansa da ƙafarsa ta maƙale a ja shi a ƙasa. Saboda wannan dalilin ne ya tsani abin da wasu ke yi ranar hawa, su ɗaure ɗan yaro da rawani a jikin sirdi. Tafiya ce kawai, taku-taku, ba sassarfa, zagaye huɗu na filin, minti goma bai cika ba. In Abba ya fara waige-waige an gama ke nan, ko zagaye ɗaya aka yi. An koya masa ta gefen kafaɗa ake zuwa wa doki, ba ta baya ba, ba kuma ta ƙarƙashin hanci ba, don nan ne wurare biyun da ba ya gani. In zai ba ta ɓawon kankana sai ya shimfiɗa tafin hannu. Wannan ya ɗauke shi wata guda, da farko jefa mata yake yi ya ruga.

Yanzu ga inda wurin ya gaza, don kada a ce an biya ni. Ba su san hular kwano ba. Da na kawo wadda na sa aka sayo mini daga Abuja, ta hawan doki ta yara, samarin suka yi ta dariya wai ɗan acaɓa ya zo, Baba ma ya ce su da rawani suka tashi. A nan ban saurare shi ba, kuma ba zan saurare shi ba; kan yaro ɗan shekara uku ba abin gwaji ba ne. Ba su da sirdin yara, sai da na kai wa wani baduku ya ɗinka mini ɗan matashi mai marikin hannu. Ba rasit, ba rubutu, komai a ka yake, har sau ɗaya muka yi musu a kan ko na biya kuɗin wata. Tun daga nan ta banki nake turawa a wayar ɗansa. Baba ba ya ɗaga waya, in kana nemansa sai ka je. Da bazara harawa ta yi tsada ya ƙara dubu biyar ba tare da ya gaya mini ba sai ranar biya. Ƙuda da damina ba a magana, hanyar shiga kuma in an yi ruwa sai ka ajiye abin hawa a bakin titi ka taka. Sannan filin ba shi da shinge tsakaninsa da turakun ingarmu. Ran nan wani ya tsinke igiya ya yi taɓarya a tsakiyar fili, Allah ya sa mun riga mun sauka. Na yi magana, an canja igiyar, shingen dai har yau ana "za a yi". Saboda haka kafin in ɗora Abba sai na bi turakun nan da ido ɗaya bayan ɗaya.

Da Sallah ta matso, gwaggonni suka ɗinko masa 'yar alkyabba da ɗan rawani, aka ce lallai a fito da shi ko a bayan tawaga ne. Ni ma, in faɗi gaskiya, raina ya biya. Na je na sami Baba. Lokacin bargar ta cika da masu haya, ana ta fitar da jalala da kayan ado ana kakkaɓewa, kuɗi na shigo masa ta ko'ina. Ya ce, "Malam, ita na yarda da ita. Dawakin mutane ne ban yarda da su ba. Ga bindiga, ga kakaki, ga masu zamiya. Ka bari ya kai bakwai." Na ce ko na awa ɗaya? Ya ce ko na minti ɗaya, in kuma na matsa in zo in kwance abata in kai wani wuri.

Ranar hawan a kafaɗata Abba ya yi kallo, daga nesa da ƙofar fada, da aka harba bindigar farko ya cusa kai a wuyana ya ƙi ɗagowa. Washegari da yamma muka sa masa alkyabbar muka tafi hanyar Ningi. Bargar shiru, dawakai duk sun gaji suna tsaye a turke. Rawanin bai zauna a kan hular kwano ba, sai uwarsa ta naɗa masa shi a wuya. Baba da kansa ya karɓi ragamar daga hannun yaronsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ja su zagaye huɗu yana yi wa Abba kirarin kakansa, goɗiyar tana tafe tana tauna sauran harawa.